Adamu Halilu da Alƙalamin da Ke Bayan Majigi

Idan aka idar da sallar isha'i a Nasarawan Doya, aka fara taruwa a teburin mai shayi, da wuya hira ta yi nisa ba a gangaro kan fim ba. Wannan ya ciro waya ya nuna inda aka tsaya a shiri mai dogon zango na makon nan, wancan ya rantse yarinyar ba za ta auri Alhajin ba, na uku ya kawo labarin motar da jarumin ya saya. Sun san jarumai da iyayen gidansu, sun san wanda ya rera waƙar da wadda ta hau kanta. Amma a ce musu wa ya rubuta labarin, sai a ga ana kallon juna. Sunan kuwa yana nan a farkon fim ɗin, daidai wurin da ɗan yatsa ke tura hoto gaba don a kai inda aka fara magana.

Haka abin yake a Ikara da Hunƙuyi, haka yake a Fagge da Maraɗi, kuma ba yau aka fara ba. Mutumin da ya fi cancanta a kira shi uban rubutun fim a Arewa, Alhaji Adamu Halilu, ya rasu tun 2001, kuma ko a cikin masu cin abinci da sana'ar ba kowa ne zai iya kawo sunan fina-finansa biyu ba. Mutanen ƙasar Maƙarfi suna da dalili na musamman na jin ciwon wannan mantuwa, domin babban aikinsa an gina shi ne a kan labarin da ya bi ta ƙofar gidansu.

Duk wanda ya karanta Shaihu Umar a makaranta zai tuna Makau, mijin uwar Umar, wanda 'yan uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri bayan an dawo daga hari, suka ce ya ɓoye bayi, har sarki ya kore shi daga gari. Da Makau ya fita neman inda zai sa haƙarƙarinsa, a Maƙarfi ya sauka. Matarsa ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi shi, a bayanta aka sace yaron, daga nan ƙaddara ta ja shi Kano, ta ƙetare da shi Sahara har Masar, uwar kuma ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin yana matashin malamin makaranta, ya shigar da shi gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Nasarawan Doya kuwa gunduma ce a ƙaramar hukumar Maƙarfi. Wato garin da Makau ya samu mafaka, nan ne manoman yankin ke kai rake kasuwa har gobe.

An haifi Adamu Halilu a 1936 a ƙasar Adamawa. Ya shiga harkar fim ta ƙofa ɗayan da take buɗe wa ɗan Arewa a wancan zamani, wato sashen fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, ya kuma je Landan da Rum ya koyo abu biyu: rubutun fim da tace hoto. A lura da wannan haɗin. Marubuci shi ke yanke abin da za a ɗauka tun kyamara ba ta fito daga akwati ba, mai tacewa shi ke yanke abin da za a bari bayan kowa ya watse. Wanda ya ƙware a waɗannan biyun ya riƙe fim ta kai da ƙafa, ko bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba.

Makarantarsa ta gaskiya dai ita ce majigi. Dattawan Maƙarfi da Ikara da Kudan ba sa bukatar a yi musu bayaninsa: motar gwamnati ta iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a jira duhu, yara a gaba a ƙasa, manya a baya, mai bayani riƙe da lasifika yana fassara abin da ake gani. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa sashen fim na ƙasashen da suke mulka a 1939, ƙarƙashin William Sellers, wanda a da jami'in kiwon lafiya ne a Legas. Sellers ya tafi a kan cewa ɗan Afirka ba zai iya bin hoto mai sauri ko labari mai sarƙaƙiya ba, don haka ya kafa ƙa'ida: a tafi a hankali, a nuna abu ɗaya a lokaci ɗaya, a maimaita. Labarin kusan kullum ɗaya ne, mai wayo da wawa. Mai wayo ya bi shawarar malamin gona ya cika rumbu, wawa ya ƙi ya kwana da yunwa. Baban Larai, fim ɗin noman auduga da gyaɗa na shekarun 1950 da tsofaffi ke ambata har yau, daga wannan gidan ya fito.

Tushen ƙa'idar raini ne, babu wata kwana. Amma wanda ya yi shekaru yana rubutu don filin da babu kujera, babu ƙofa, mai kallo yana iya tashi ya tafi duk sa'ad da ya gaji, dole ya koyi abin da aji ba ya koyarwa: yadda hoto zai yi magana ko an kashe lasifika. Halilu ya yi fina-finan wayar da kai da na tarihi masu yawan gaske a wannan layi, cikinsu har da Mama Learns a Lesson na 1963. Majigi ya bar wa Arewa wani gadon kuma, wanda bai kai wannan daɗi ba. Har yanzu da wuya a yi hira da ɗan fim bai ce shi faɗakarwa yake yi ba, kamar ba da labari mai kyau shi kaɗai abin kunya ne sai an lulluɓe shi da wa'azi. Mai wayo da wawa ba su mutu ba, kaya kawai suka canza.

Shaihu Umar na 1976 shi ne inda Halilu ya fita daga wannan keji, kuma bai fita shi kaɗai ba. Kafin labarin ya kai gaban kyamara sai da ya bi ta hannun masu alƙalami hawa-hawa. Ɓalewa ya rubuta shi a zube. A farkon shekarun 1970 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani masanin wasan daɓe ɗan ƙasar Tirinidad da ke aiki da Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Sannan Halilu ya ɗauki wannan ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ɗin kuma shi ya fito a matsayin Shaihun. Marubuci ya sa rawani ya zauna a kan buzu yana furta abin da ya tsara da hannunsa. Ba kasafai ake samun haka ba.

Masu cewa mayar da littafi fim ai kwafa ce kawai, su zauna su gwada da wannan littafin. Ɗan siriri ne, ana iya karance shi tsakanin azahar da la'asar, fim ɗin kuwa ya haura awa biyu da minti ashirin. Daga ina sauran ya fito? Littafin daga bakin mutum ɗaya yake: malami zaune a Rauta, almajirai sun tambaye shi asalinsa, yana ba su labari. A takarda wannan ba matsala ba ce, mai karatu zai bi muryar. A fim kuwa ba wanda zai zauna awa biyu yana kallon dattijo yana magana. Dole abin da aka faɗa ya koma abin da ake gani. Inda Ɓalewa ya ce an yi wa Makau makirci cikin 'yan layuka, mai rubutun wasa sai ya gina zaman fada gaba ɗaya: wa ya fara faɗuwa, wa ya jefa maganar, da wane irin ladabi aka naɗe ƙaryar, yaushe sarki ya yi shiru, me Makau ya yi da hannuwansa sa'ad da aka yanke masa hukunci. Bahaushe ba ya cin naman ɗan'uwansa a gaban sarki da gatsali, da "ranka ya daɗe" yake ci. Wanda bai san wannan ba, zai rubuta fadar da ba a taɓa yi ba a ƙasar Hausa.

Akwai kuma wani ƙulli da ya fi wannan wuya. Mafi zafin abin da ke cikin labarin, wato wahalar uwa tana bin ɗanta daga gari zuwa gari har ta ƙare a hannun Larabawa, Umar bai gani da idonsa ba, yana can wata duniya. Littafi yana iya tsallake wannan da jimla guda, a ce daga baya ya ji. Mai rubutun fim sai ya yanke shawara: yaushe za a bar yaro a koma wurin uwa, minti nawa za a yi a can kafin mai kallo ya manta da yaron, a ina hanyoyin biyu za su haɗu. Wannan lissafi ne, kamar na magini da ke auna inda azara za ta zauna. Idan ya yi daidai ba wanda ke lura, idan ya karkace kowa zai ce fim ɗin ya yi sanyi a tsakiya, a ɗora wa jarumi laifi.

Gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyin fim ɗin, aka shigar da shi bikin FESTAC da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Shekara goma sha ɗaya kenan bayan kisan Ɓalewa a Janairun 1966, kuma ba sai an faɗa ba, zaɓen littafin Firayim Minista na farko don wakiltar ƙasa yana da tasa siyasar. Kuɗin mai ya yi yawa a hannun gwamnati a lokacin. Halilu ya bi da Kanta of Kebbi a 1978, kan jarumin da ya kafa daular Kabi, da tallafin gwamnatin Jihar Sakkwato, sai kuma Moment of Truth. Da aka kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da dokar soja a 1979, shi aka fara damƙa wa ragamarta.

A nan ne ya kamata masu yabonsa su yi adalci. Fina-finan Halilu na gwamnati ne, da kuɗinta aka yi su, a ɗakunanta aka ajiye su. Ba a gina musu hanyar zuwa kasuwa ba. Gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka suke juyawa, masu rarraba su ba su da wata riba a fim ɗin Hausa mai tsada guda ɗaya. Mutumin da ya koyi sana'arsa a filin ƙauye sai ga shi mafi kyawun aikinsa ya fi sauƙin gani a wurin biki da taron manya. Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta karye, sayen faifan silima da wanke shi a ƙasar waje ya gagari kowa. 'Yan kaɗan suka ƙara yunƙurawa, irin su Sadiq Ɓalewa da Ƙasarmu Ce a 1991, da Brendan Shehu da ya ɗauki wasan Umaru Ɗanjuma Katsina, Kulɓa Na Ɓarna, ya mayar da shi fim a 1992. Daga nan zamanin ya rufe.

Shaihu Umar kansa ɓacewa ya yi. Shekaru da dama ana ambatonsa a littattafan tarihi kamar wani abu da aka ji a bakin kaka, har 2016, lokacin da aka gano faifansa cikin tarin gwangwanayen fim da aka yi watsi da su a wani tsohon ginin Hukumar Fina-finai a Legas. Didi Cheeka da abokan aikinsa na ƙungiyar masu kallon fim ta Legas suka tsaya a kan maganar, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi tare da hukumar, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a Fabrairun 2018. Jamusawa suka sayi tikiti suka zauna suna karanta fassara a ƙasan allo, suna kallon labarin Makau da Fatika da kasuwar bayi ta Kano.

Shekarar da Halilu ya rasu, a cikinta Arewa ta yi wani rashin da ba a yi masa kukan da ya kamata ba. Ranar Asabar 16 ga Yunin 2001 Aminu Hassan Yakasai ya rasu a haɗarin mota a hanyarsa ta zuwa Kaduna daga Kano. Shi ne ya rubuta Turmin Danya, fim ɗin ƙungiyar Tumbin Giwa na 1990 wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, wanda kuma daga kansa ake fara ƙirga tarihin fim ɗin Hausa na kaset, shekara biyu kafin Living in Bondage na 'yan Kudu. Yau idan aka ambaci Turmin Danya, Ibrahim Mandawari ake tunawa, kuma ya cancanta. Amma marubuci ne ya fara zama da takarda. Haka ma waɗanda suka riƙe masana'antar tana rarrafe, Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, duk daga rubutun littafi suka shigo. Sai da waƙa da rawa suka zama su ke sayar da kaset, musamman bayan Sangaya a 1999, sannan aka tura marubuci kujerar baya. Aka shiga zamanin da ake fita lokeshin da labari a ka, darakta ya ce wa jarumi "kai ka kama ta da wani, ke kuma ki yi ta rantsuwa," kowa ya zuba abin da ya zo bakinsa.

Masu kare wannan hanya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wasan Hausa tun asali na baka ne. 'Yan kama da masu tashe ba su da sikirif, kuma su Ƙasimu Yero da tsararsa sun sa Arewa dariya a talabijin da basirar da ba alƙalami ne ya ba su ba. Gaskiya ne. Sai dai abin da ke ɗaukar wasan minti ashirin ba zai ɗauki labarin awa biyu ba, balle mai zango goma. Ɗan wasa mai kaifin baki yana iya ceton fitowa ɗaya, amma ba shi da ikon tuna cewa abin da aka binne a kashi na uku dole a tono shi a kashi na ashirin. Ai kasuwa ma ta yanke hukunci. Tun da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa, YouTube kuma ya buɗe wa shirye-shirye irin su Labarina hanya, furodusoshi suka koma neman marubuta ido rufe, aka fara jin sunayen su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih da Ibrahim Birniwa da Yakubu M. Kumo. An dawo gare su ne don dole. Ko an dawo da ladan da ya dace da wahalarsu, wannan a tambayi duk marubucin da ya taɓa bin furodusa bashi.

Bahaushe mai son fim ɗin Indiya ya san Sholay kamar yunwar cikinsa, ya san Amitabh da Dharmendra da Gabbar. Waɗanda suka ƙirƙiri Gabbar ɗin mutum biyu ne, Salim Khan, mahaifin Salman Khan, da Javed Akhtar. Lokacin da Zanjeer ya fito a 1973 ba a sa sunansu a fasta ba, domin ba a saba sa marubuci ba. Sai suka ɗauki hayar mai fenti, ya kwana yana zagaya birnin Bombai yana buga sunayensu a kan duk fastar da ya gani. Cikin 'yan shekaru sai ga shi ana sayar da fim da sunansu, suna yanka kuɗinsu kamar manyan jarumai. Ba wanda ya ba su wannan matsayi kyauta, kuma marubutan Kano da Kaduna da Jos su ma ba wanda zai ba su. Su ne za su haɗa kai a kan mafi ƙarancin farashi, a kan rubutacciyar yarjejeniya, da kuma sunansu a jikin fasta da harafin da ido zai gani.

Amma akwai abin da ya rage wa hukuma da jami'a, kuma ba mai tsada ba ne. Fim ɗin Halilu yanzu yana nan a gyare, a na'ura, ba ya bukatar injin silima. Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka fara mayar da labarin wasa, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga Maƙarfi. Ba abin da zai hana sashen Hausa ko na wasan kwaikwayo ya nemi izini daga Hukumar Fina-finai da ke Jos, ya haɗa kai da ƙananan hukumomin Maƙarfi da Ikara da Kudan, a zagaya da shi makarantun sakandare da filayen gari. Malamin Hausa zai samu darasin da ba ya cikin manhaja: a karanta shafin da aka kori Makau, a karanta yadda Ladan da Lyndersay suka shimfiɗa shi, a kalli yadda Halilu ya ɗauke shi, sannan a ce wa ɗalibai kowa ya rubuta tasa fitowar. A cikin aji guda na yara hamsin da suka tashi da fim a tafin hannu, da wuya a rasa biyu da za su gane a ranar cewa wannan ma sana'a ce.

Za a yi gardama bayan an kalla, kuma ita ake so. Wasu za su ce tafiyarsa a hankali take, sun saba da yankan hoto na zamani. Wasu za su tambayi abin da masu nazari suka daɗe suna tambaya game da littafin kansa, wato me ya sa labarin da ke cike da sata da sayar da mutane ya fi karkata ga haƙuri da ƙaddara fiye da fushi. Dattijon da kakarsa ta ba shi labarin zamanin hari da bakinta zai samu abin cewa a nan wanda ba a ji ba a Balin.

Kayan aikin duka ba su wuce a ɗaura su a bayan babur biyu ba: na'urar haska hoto, lasifika, ƙaramin janareta da farin ƙyalle. A Nasarawan Doya lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kwashe amfanin gona, sa'ad da dare ya yi sanyi, ruwa ya ɗauke, ba a fargabar hadari ya tashi a tsakiyar kallo. Wanda aka ba lasifikar ya karanto sunayen farkon fim ɗin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kafin almajiran Rauta su yi wa malaminsu tambayar farko.